Ɗaurin Atu

A Jabo, da shuka ta tsiro aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, to lokacin Atu ya zo. Bazawara ce mai kiwon awaki, kuma tunda take, akuyarta ba ta taɓa sa baki a geron wani ba. Ƙullin da take yi a turke, ita kanta sai da haƙori take kwance shi. Matan unguwa da awakinsu ke tsinkewa kullum sun sha gori a wurinta har sun gaji.

Goggo, ƙanwar mahaifinta, ido ya fara yi mata nauyi, kuma duk abin da ta mallaka akuya ce guda, ja, mai tsohon ciki. A ƙofar gida take ɗaure ta sakwa-sakwa. Abin ya tsaya wa Atu a rai.

"Goggo, wanga ba ɗauri na ba. Kawo ta in kai maki kwari ta ci haki."

"Bar ta nan inda nika jin kukanta," in ji Goggo.

Atu ta yi dariya, ta ja akuya. Nata ta ɗaure a tudu, ta Goggo kuwa, don gata, can ƙasa inda ciyawa ta fi tsayi.

Bayan azahar hadari ya haɗo. Kafin Atu ta kwashe shanya, tsawa ta girgiza gari, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ko katangar gida ba a gani. Nan da nan kuma ya ɗauke, amma kwarin da aka taka a bushe da safe ya cika ya tumbatsa. Awakin maƙwabta suka fizge igiyoyinsu, suka shigo gari suna atishawa. Da ruwa ya janye, Atu ta sami jar akuya kwance a turkenta, ta mutu. Ƙullin ko motsi bai yi ba.

Ta so Goggo ta zage ta, wallahi da ta ji sanyi.

Washegari da safe sai ga Goggo tana laluben bango, da ƙwaryar ƙasari, ruwan wankin geron da ta saba ba akuyarta.

"Amshi, ɗiyata, ba naki su sha. Na manta na aje shi."

Atu ta karɓa da hannu biyu, ta kasa ɗaga kai.