Ƙoƙon Kan da Na Kawo Gidan Yaya

Shekarar da rufin ɗakin ajiya na makarantarmu ya fara yoyo, shugaban lise, wato sakandaren tamu, ya ce kowane malami ya kwashe kayan darasinsa har damina ta wuce. Ni kimiyyar halittu nake koyarwa, sai rabona ya zama wani ƙoƙon kai na roba, kwafin wanda aka tono a gabashin Afirka, mai tudun gira da muƙamuƙi a ture gaba. Na naɗe shi a tsohon zane, na ɗaure a bayan moto, wato babur ɗina, na kawo shi unguwar Zongo.

Lokacin a gidan yayana nake zaune, tun da aka rushe namu gidan a wajen unguwar Koulouba. Shadda da atamfa yake kawowa daga Kano, kuma shi ya tsaya mini na yi karatu bayan rasuwar mahaifinmu. Da ya shigo gaishe ni, ya hango abin a kan kabad.

"Wannan kan waye?"

"Roba ce, Yaya. Ta koyarwa."

"Na ji roba ce. Kan wa aka kwaikwaya?"

Da na sani, da na ce na gwaggon biri ne, a wuce wurin. Amma sai na shiga yi masa bayani kamar ina gaban aji: wata halitta ce da ta rayu tun da daɗewa, tana tafiya da ƙafa biyu, ƙwaƙwalwarta ba ta kai tamu ba.

"Wato kakanmu biri ne ke nan."

"Ba wanda ya ce biri ya haife mu, Yaya."

"To Annabi Adamu fa, ina kika ajiye shi?"

Washegari ya kai maganar wurin maƙwabcinmu, wani fasto ɗan ƙabilar Mosi wanda a da gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Sai ga shi sun zama aminai a kaina. Duk la'asar in na dawo a gajiye, alli har gira, ina tarar da su a kan benci a ƙofar gida suna shan zom-kom, ruwan garin gero, suna hira da Mooré, yaren Mosi. Fasto ya ce, "Madam, zo ki zauna, muna da tambaya."

Tambayar ba ta canzawa: ina na tsakiya, tsakanin biri da mutum? In na nuna musu hoton ƙashin ƙugu, ko sawun ƙafa da ya daskare a tokar dutse, sai su ce to ina wanda ke tsakanin wannan da wancan. Fasto ya kawo labarin wanda ya taɓa haɗa kan mutum da muƙamuƙin biri ya yaudari duniya. Na ce ai masu binciken ne da kansu suka tona asirinsa. Yaya ya ce wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ba a kafa shi shaida.

Damina ta wuce, na mayar da ƙoƙon makaranta, amma gardamar ta zauna. Abin da ya kashe mini jiki shi ne ranar da matar Yaya ta raɗa mini cewa ya tambaye ta ko har yanzu ina salla. Ni da nake tashin mutanen gidan don sahur. Da na sami ɗaki a unguwar Tampouy, na tattara na koma.

Bayan wasu shekaru 'yar Yaya ta faɗo ajina, shekarar bak, jarabawar gama sakandare. Ta haddace darasin tsaf, ta fi kowa maki. Muna fita ta biyo ni wurin ajiye moto.

"Gwaggo, ke kin yarda da abin nan, ko don jarabawa ne kawai?"

Na ce mata ƙasusuwan suna nan, na yarda da abin da suke nunawa, kuma ban bar sallata ba. Ta ce ta yaya biyun suke zama a kai ɗaya. Na ce suna zama, sai dai ba kullum lafiya ba.

Faston ya koma garinsu tuni. Yaya ya tsufa, yaransa ke zuwa Kano yanzu. Har gobe yana turo mini bidiyon masu wa'azi a waya, wasu da Hausa, wasu da Faransancin da ba ya ji sosai. Nakan buɗe, in saurara kaɗan, in rubuta masa: "Na gani, Yaya. Ya ƙafar?" Shi kuma ya ce da sauƙi, in zo Juma'a a ci tuwo.