Kabewar da ta tafi coci

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun tamanin, muna haya a wani gida mai ɗakuna a jere a Kakuri, maigidana yana aiki a masaƙa. Bayan ɗakinmu akwai ɗan fili tsakanin bango da kwata, nan na yi lambuna. Yakuwa, alayyahu, kuɓewa, gauta, ɗaɗɗoya a tsohon bokiti, sai kabewa.

Kabewar nan irin mahaifiyata ce, daga ƙauyenmu a kudancin jihar. Mai dogon wuya ce, cikinta ja kamar manja, ga gari ga zaƙi. Zuwana gida na ƙarshe Mama ta ƙulla min 'ya'yan kabewar a tsumma, ta rasu kafin ruwan fari ya sauka. Yayyena kuwa sun mayar da gonar bayan gida ta citta, ba wanda ya ajiye iri. Abin da ke tsummana shi kenan ya rage, shi na shuka.

Ban taɓa ganin damina mai gajiyarwa irin ta shekarar ba. Ruwa ya yi ta ɗaukewa, famfon gidan kuma sai ya ga dama yake kawowa. Da goyo a baya nake zuwa rijiyar maƙwabta. Awakin mai gidan haya suka cinye alayyahun, tsutsa ta kama kuɓewa, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuma kwata ta cika ta kwashe rabin yakuwar. Zuwa kaka na rame, har matan gidan suna tsokanata wai lambun ne ke cina, ba ni ke cinsa ba. Duk kabewar da ta ɗaura ta ruɓe tun tana ƙarama, sai guda ɗaya. Amma fa ɗayar nan ta cika ido. Na sa mata fasasshen kasko a ƙasa don kada danshi ya taɓa ta, na bar ta ta ƙosa sosai, sai igiyarta ta bushe in cire iri.

Ana haka Lahadin godiyar kaka ta zo. A cocinmu kowane gida yakan kawo mafi kyawun abin da ya samu a shekara, a shigo da shi ana waƙa ana rawa, a ajiye gaban bagade. Ni ina cikin zumuntar mata, mu ke fara zuwa mu yi shara mu gwada waƙa. Na ɗaure gauta da ɗaɗɗoya a kwano, na ce wa maigidana ya taho da su.

Ina tsaye cikin mata ina kaɗa caki, layin masu baiko ya taso. Masu doya, masu masara, masu kaji. Sai ga maigidana a tsakiya, ya sha kwat ɗinsa ta aure, yana taka rawa a hankali, kabewata a kafaɗa. Fuskarsa cike da fara'a, mutane suna tafa masa. Cakin ya tsaya a hannuna. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni ta ce, "Ke, ci gaba mana, ba naku ba ne?" Namu ne kuwa. Ina kallo ya durƙusa ya ajiye ta, Fasto ya ɗora hannu ya yi addu'a.

A hanyar gida na ce, "Maigida, me ya kai ka ga kabewar nan?"

Ya ce, "Haba, gauta za mu kai wa Allah alhali ga wannan a bayan ɗaki? A ce mun ɓoye mai kyau mun kawo saura?"

Na ce, "Iri ce. Ta Mama ce, ita kaɗai ta rage."

Ya tsaya cak a bakin titi. Shi ɗan birni ne, a barikin 'yan reluwe ya tashi, a saninsa iri a kasuwa ake saya. Ya ce, "To bari in koma." Amma dukanmu mun san ba a komawa a ɗauko abin da aka ajiye gaban bagade.

Washegari na daure na tafi wurin matar Fasto, don ita ke raba kayan godiya ga gwauraye da marasa lafiya. Na ce a raina, kabewar ta tafi, amma 'ya'yan ai ba wanda zai ci. Na same ta a bakin murhu, na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo 'yata! Tun jiya da yamma muka yanka muka raba. Cikin kuwa na zuba wa agwagi."

Muka zagaya bayan gida. Agwagin suna kwance sun ƙoshi. Na tsuguna da zanen fitata ina tona taɓo da tsinke, ko ƙwaya ɗaya ban samu ba.

Matar Fasto ba ta yi min wa'azi ba. Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunno, ta buɗe tukunya ta zubo min faten tsaki, wanda ta yi da ɗan yankin kabewar da ya rage mata. Cokali ɗaya na kai baki na gane ta. Ita ce, garin nan da zaƙin nan. Na ci a hankali ina hawaye, ita kuma tana zaune gefena tana tsinke yakuwa, har na sɗe kwanon.

Maigidana bai daina neman gyara ba. Duk abokin aikinsa da zai je gida, Filato ne ko Binuwai, sai ya roƙe shi irin kabewa. Na shuka su duka, a Kakuri da kuma Gonin Gora bayan mun koma can. Wasu sun yi kyau. Ba wadda ta zama ita, kuma na daina faɗa masa haka, don abin ya fi cinsa a kaina.

Yanzu gwiwa ta hana ni dogon sunkuyo, lambun ma 'yan bokitai ne a ƙofar ɗaki. Duk kaka in na cire iri, sai na raba wa maƙwabta ko ba su tambaya ba, kada abu ya sake zama a hannu ɗaya. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma duk Lahadin godiya in na ga an shigo da kabewa, wuyanta nake fara dubawa.