Idon da Aka Ajiye wa Na-Masar

Bube da Manu sun fara haɗuwa ne a shekarar da Malam Zubairu na Bakura ya sallami Bube daga zaurensa. A lissafin Turawa ƙarshen shekarun 1860 ke nan, lokacin da Mafara da Bakura da Maradun duk suke bin Sakkwato, ba a ko ji ɗuriyar Nasara ba.

Bube ɗan rundawa ne, wato mahauta, a Talata Mafara. Ubansa da kakansa duk da wuƙa suka ci abinci. Shi kuwa tun yana saurayi maganin ido ne ya shiga ransa, don ya ga kakarsa ta ƙare kwanakinta tana laluben bango. Ya yi wanka, ya ari riga, ya taka har Bakura wurin Malam Zubairu, wanda gidansu ya yi gadon littattafan ɗibbu. Malam ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi hanya, sannan ya tambaye shi ɗan wane ne. Da ya ji, sai ya dubi hannuwan Bube, ya ce ilmin nan gado ne, kuma hannun da ya saba rufe idon dabba bai kamata a ba shi buɗe na mutum ba. Bube yakan ce daga baya, abin da ya fi ba shi haushi shi ne maganar ta yi daɗi. Da wani aka gaya wa ita, da shi zai fi kowa dariya.

Ranar Talata yana zaune a kara, inda ake cinikin shanu, ya turɓune fuska, sai ga wani Bafillace daga rugagen Maradun ya kawo wa uban Bube sa. Sunansa Manu. Ya girme wa Bube da kaɗan, kuma idonsa na hagu ya yi fari da yana tun da wata saniya ta make shi da wutsiya. Ya tambayi abin da ya sa ɗan Barunje, wato ɗan mahauci, yake kallon sa kamar shi za a yanka. Bube ya ba shi labarin Bakura, har da maganar hannu, Manu kuwa ya yi dariya har ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Kaɗo, duniya ba Bakura ba ta," in ji shi. "Tahi inda ba a san ubanka ba, ka koyo. Ga idona nan, na aje maka shi."

Yau muna jin har ɗaliban Amirka, in makarantar likita ta ƙasarsu ta ce babu gurbi, sukan ƙetare teku su je wata ƙasa su karanto. Bube ya riga su, sai dai shi a kan raƙumi ya tafi, kuma raƙumin bai so shi ba. Ya bi ayarin Buzaye da suka sayar da gishiri za su koma Asbin. Ya gaya wa duk Mafara cewa Masar ya nufa, har 'yan uwa suka raka shi bayan gari suna kuka.

A Agadas ya tsaya. Ya hau wani tudu ya hangi yashin da ke gaba, ya tambaya aka ce masa wannan ai somin tafiya ne, sai ya gane cewa Allah bai halicce shi don Masar ba. Nan ya sami wani tsohon Balarabe mutumin Gadamas, Sharu Miftahu, mai kwantar da yanar ido da tsinken jan ƙarfe. Tsohon bai tambayi ɗan wane ne ba. Ya aike shi kasuwa wurin mahauta ya karɓo kawunan awaki. Wannan shi ne darasin farko, shi ne na biyu, shi ne kuma na shekaru. Mutumin da ya sha yunwa da ƙishi don ya tsere wa kan akuya, ga shi a ƙasar wasu zaune gaban kan akuya, yana zura tsinke ta gefen ido yana tura yanar ƙasa har ta kwanta. In an kawo mutum mai rai, Sharu ke yi, Bube yana bayansa riƙe da ƙwaryar ruwa, ƙeyar malaminsa kawai yake gani. Kullum sai a ce masa da saura. Ana cikin da saura Sharu ya rasu.

Bube ya dawo gida da tsinken, da jar hula, da 'yan kalmomin Larabci, yawancinsu zagin da malaminsa yake yi masa ne. Mu Mafarawa muka ɗauke su addu'a, muna shafawa. Muka sa masa suna Na-Masar. Ya yi ta cewa shi Agadas ya tsaya, muka ce dubi tawali'u irin na masu ilmi. Har gobe gidan Na-Masar ake kiran gidan, kuma babu wanda ya fito daga cikinsa da ya taɓa ganin Masar.

Suna ya samu, masu ciwo ne ba su zo ba. Kowa yana so a gwada gwanintar Masar, amma a idon maƙwabcinsa. Sai ga aike daga Maradun: Manu ya ce ajiya tana nan. Ashe a shekarun nan wasu masu magani sun ratsa ta rugarsa sun nemi su taɓa idon, ya ce ba nasa ba ne, na wani Kaɗo ne da ya tafi karatu.

Bube ya tafi da hantsi, ya zaunar da Manu a bakin bukka, ya zura tsinke kamar yadda ya yi wa awaki marasa iyaka. Abu ɗaya ne kan akuya bai koya masa ba: idon mai rai yana motsi. Idon ya kauce, tsinken ya shiga inda bai kamata ba. Ya kumbura, ya yi ruwa, kafin wata ya kama ya shanye sam. Da can Manu yana bambanta rana da inuwa da shi, yanzu ko wannan babu.

Bube ya koma Mafara yana jiran labari ya biyo shi. Ya san maganar Malam Zubairu za ta zama karin magana, har ya fara wasa tsohuwar wuƙarsa. Labarin da ya iso kasuwa kuwa shi ne, sa ya soki Manu da ƙaho a ido. Manu da kansa ya zo Talata yana ba da shi, yana nuna tsawon ƙahon da hannu, yana cewa da ma Na-Masar ya riga wannan sa zuwa, da an tsira. Da suka keɓe, Bube ya buɗe baki zai yi magana, Manu ya tambaye shi yadda ake sayar da kanwa bana.

Daga nan Bube ya koma karatu na biyu, wannan karon a bakin gulbi. Ya bi tsofaffin jakai da dawakai masu yana, ya sha harbi, ya koyi yadda ido ke gudu da yadda ake lallashinsa. Aka yi masa laƙabi da bokan jakai, ya ce ai gara su, ba sa tambayar gado. Sannu a hankali wata tsohuwa ta yarda, ta tashi tana ganin jikokinta. Bayanta wani liman, bayansa mutanen Jangebe da Kaya. Ba kowa ne ya warke ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba, amma ya yi suna, kuma yana son sunan. In ya buɗe ido ɗaya, sai duk kasuwa ta ji kafin la'asar, galibi daga bakinsa.

Shekaru suka shuɗe, aka yi annobar nan da ta share shanun ƙasa. Manu ya wayi gari da sanda da igiya. Da abin ya lafa, fataken Mafara suka sayo 'yan shanu daga nesa suka ba shi kiwo, don an san amanarsa. Har da na Hayatu, wan Bube. Da nonon shanun nan gidan Manu yake rayuwa.

Wata Talata Adda, matar Manu, ta sauke ƙwaryar nononta a ƙofar Bube, ta jira mutane suka watse. Ta ce ɗaya idon Manu ma yanar ta rufe shi. Da kunne yake kiwo yanzu, ita ke raɗa masa wace saniya ta ratse. In masu shanu suka ji, za su kwashe kayansu, kuma ba za a ga laifinsu ba. Ta ce Manu bai aiko ta ba.

Bube ya sami Manu a gindin gawo yana fuskantar inda babu shanu. Bayan gaisuwa ya ce masa akwai wani mai aikin ido can wajen Katsina, gara a kai shi. Manu ya ce tafiyar Katsina ba ta ɓoyuwa.

"Kuma wanda ya ci na hwari shi ka da haƙƙin na biyu," in ji shi. "Zamna ka yi aikinka, Kaɗo. Babu sa a garken ga da za mu ɗora wa laihi, 'yan maruƙan duk ba su yi ƙaho ba, sai ka kula."

Da rana ta ɗaga, Adda ta riƙe kan mijinta a cinyarta. Bube ya sa shi ya kira sunayen shanunsa na da, waɗanda annoba ta kashe, ɗaya bayan ɗaya, don ido ya tsaya wuri guda. Manu yana tsakiyar kira Bube ya zura tsinken. Yanar ta kwanta lumui, kamar mayafi ya zame daga kafaɗa. A duk rayuwarsa bai yi aiki mai kyan wannan ba, kuma babu wanda zai gaya wa.

Sauran matsala ɗaya: dole Manu ya kwanta a bukka da ido a ɗaure har ya warke, shanu kuwa ba sa jira. Adda ta ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. Bube ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki sanda. Masu zuwa kasuwa ta hanyar Maradun suka ga Na-Masar da jar hularsa yana bin maraƙi cikin ƙaya, yana zaginsa da Larabci. Hayatu da kansa ya zo ya tambaye shi ko lafiya. Bube ya ce ya gano ilminsa da saura, ya zo neman ƙari wurin shanu. Mafara ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Aka ce Masar ta ƙare masa. Wasu masu ciwon ido suka fasa zuwa, suka ce ba sa ba da idonsu ga wanda kansa ya taɓu, kuma kasuwarsa ba ta sake komawa yadda take ba.

Ranar da aka kwance ƙyallen, Manu ya daɗe yana ƙifta ido. Ya dubi Bube, ya ce ashe ya tsufa, kuma munin bai ragu ba. Sannan ya fita ya dubi garke, ya tambayi ta wa ce waccan jar saniyar, don ba tasu ba ce. Bube ya kwana biyu yana kiwon saniyar wani bai sani ba.

Ganin bai dawo kamar na ƙuruciya ba. Manu ba ya iya cire ƙaya, amma yana bambanta saniya da saniya daga nesa, kuma ya riƙe shanun Mafarawa har ƙarshen ransa. Bube kuwa ya mutu ana kiransa ɗalibin shanu. In yara suka tsokane shi da sunan, yakan ce su rage murya, malamansa na jin su. Sai bayan an binne su duka biyun Adda ta faɗi abin da ya sami idon hagu, da abin da ya kai Na-Masar kiwo.