Kawu Bube da Cinikin Jirgin Legas

Duk wanda ya taɓa sayar wa Kawu Bube wani abu a unguwarmu ta Runjin Sambo, ko da allura ce, ya san tafiyar nan tasa. Za ka faɗi kuɗin kaya, ya dube ka kamar ka zagi iyayensa, ya taya rabin rabi. Ka ce albarka, sai ya gyara babbar riga ya juya. Ba ya sauri. Taku yake ɗaya-ɗaya, ƙafa na gaba kunne na baya, yana jiran a ce, "Alhaji dawo." Kuma ana cewa ɗin, don mutumin da ya tsufa yana dillancin shanu a kara ya san daidai inda haƙurin mai kaya yake ƙarewa. Mai kemis ɗin bakin layinmu ya rantse mini cewa Kawu ya taɓa taya maganin hawan jini, da ya biya kuma ya tsaya da hannu a miƙe yana jiran gyara.

Ku da kuka zauna da shi kun san wannan. Abin da da yawanku ba ku ji ba shi ne yadda suka ƙare da jirgin Legas. A gabana aka yi, ni Nasiru ɗan ƙanwarsa, wanda Allah ya jarrabe shi da iya latsa waya.

Wansa, Kawu Ladan, a Agege yake zaune tun muna yara. Shi ke karɓar shanun da Kawu Bube ke lodawa daga nan, kuma su biyu ne maza da suka rage a ɗakinsu. Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Kawu Ladan a asibiti. Ya bugo waya, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Bube, taho in gane ka." Mota kuwa ba ta yiwuwa, don likita ya riga ya gaya wa Kawu Bube cewa bayansa ba zai ɗauki doguwar hanya ba. Saura jirgi, abin da bai taɓa hawa ba sai na Hajji, shi ma har ya rasu yana cewa an cuce shi.

Na zauna kusa da shi a zaure na duba waya. Na samo mafi araha, wanda ke yada zango Abuja kafin ya wuce Legas, kuɗinsa bai fi na tunkiya mai kyau ba. Na faɗa masa.

Ya ce, "Taya masu rabi."

"Kawu, babu wurin tayi a nan."

"To da wa kaka magana?"

"Ba kowa. Na'ura ce."

"Na'ura ba ta da ubangida? Tashi kai ni wurin ubangidanta."

Haka muka hau keke napep zuwa wani ofishin masu sayar da tikiti a cikin gari, bayan ya gama cinikin keken shi ma. Wata yarinya muka tarar a bayan tebur, da hijabinta da kwamfutarta, tana ɓarar gyaɗa. Kawu ya zauna ya gaishe ta gaisuwar da ake wa mai garke, ya tambayi iyayenta da unguwarsu, sannan ya shiga abin da ya kawo shi.

"Ɗiyata, jirgin ga sabo na ko tsoho?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kina sai da abin da ba ki san shekarunai ba? To tsoho na. Tunda tsoho na, ga abin da ni ka biya."

Ta ce masa kuɗin ba ita ke sa shi ba, abin da ya fito a allo shi ke nan. Kawu ya yi murmushin nan na wanda ya ga dabarar yara. Ya miƙe, ya gyara riga, ya fara takun nasa. Ya kai ƙofa, shiru. Ya fita, shiru. Ya tsaya a rana yana kallon babura kamar mai jiran wani, gumi na bin wuyansa, ni ina gefe kunya kamar ta kashe ni.

Na ce, "Kawu, ta fa ci gaba da cin gyaɗarta."

"Rufa min baki. Tana kira."

Wallahi sai ga ta ta leƙo. "Baba!"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya da ƙasaita ya koma ciki. "Kin sallama?"

"A'a, sandarka ka manta."

Har muka kai gida yana tambaya ɗiyar wace ce wannan da ba a koya mata kasuwa ba.

Na yi masa bayani iya bayani. Na ce tikitin jirgi ba kamar shanu ba ne, kullum ranar tafiya ta matso kuɗinsa hawa yake. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce duk duniya babu cinikin da ya kai na la'asar sakaliya daɗi. Mai saniya da safe sarki ne, amma bari rana ta yi sanyi, ya tuna zai koma da ita ya ba ta dusa ya ba ta ruwa, shi da kansa zai biyo ka. Jirgi ma haka. Kujerar da ba kowa a kanta asara ce, ranar tashi su za su zo suna roƙo.

Abin haushin shi ne maganar tana da ma'ana, sai dai jirgin bai san da ita ba. Kullum da hantsi ya aiko a kira ni, in duba, in tarar kuɗin ya ƙaru. Daga tunkiya ya koma rago, daga rago ya koma rago mai ƙaho irin na layyar masu kuɗi. Duk sanda na faɗa masa sai ya gyaɗa kai cikin jin daɗi.

"Awo. Tsoratarwa ta. Ni ma haka ni ka yi ma mahauta."

Kada ku ce babu ne. Mutumin nan yana da garke a Wamakko wanda in aka koro shi sai mota ta tsaya ta jira. Da na gaji na ce to ni zan saya masa daga albashina. Ya ɗaga sanda ya nuna ni. Ya ce in na kuskura ba zai hau ba, don kuɗina ma kuɗi ne, kuma ba a cutar jininsa yana kallo. Kun ji fa. Ko kyauta ba ya karɓa sai an yi ragi.

A can Legas kuma jiki na ta yin ƙasa. Da farko Kawu Ladan da kansa ke bugowa, daga baya sai matarsa Hajiya Balki ke riƙe masa wayar, daga baya ita kaɗai ke magana. Kawu Bube ya ce mata, "Ina nan tahe, ciniki ya kusa faɗawa." Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, don na san muryar mai jinya in ta fara canzawa.

Ranar da jirgin da nake ta dubawa zai tashi ya ce in zo mu tafi. Na tarar ya ci ado, ya ɗaure jaka, ga ƙullin kilishi tsarabar Yaya. Na ɗauka ya sayi tikiti ta wata hanya. Ashe cinikin la'asar za mu. Muka isa filin jirgi, ya samu benci ya zauna yana raba ido. Can ya tare wani ma'aikaci mai ɗamara.

"Yaro, ina kamasho?"

"Wane kamasho, Baba?"

"Mai kiran lodi. Wanda ka cewa Legas mutum guda."

Mutumin ya dube ni, na dubi silin. Kawu bai karaya ba. Ya tambaya ko akwai zaman maleji, wato a matsa masa kusa da matuƙi. Aka ce babu. Ya tambaya ko jirgin na tsayawa a bakin hanya ya ɗauki fasinja in ya fita tasha, don kowa ya san na bakin hanya ya fi sauƙi. Ma'aikacin ya fara danne dariya. Sai Kawu ya sauke murya, kamar mai ba da sirri.

"Ji nan. Ni da kaka gani, bisa katakon tirela nit tahi Legas, ƙahonin shanu na sukar gindina, ba sau guda ba. Sa ni cikin kaya. Ba mai ji."

Aka kira fasinjoji, suka shige, aka rufe ƙofa. Ba wanda ya fito ya roƙi kowa. Muna tsaye jikin gilashi jirgin ya ruga ya ɗaga. Kawu ya bi shi da kallo har ya ƙule, kunnensa a karkace, kuma na rantse muku jira yake ya juyo. Da ya tabbata ba zai juyo ba ya ce, "Waɗanga ba su daɗewa cikin sana'a."

Muna hanyar komawa a keke napep wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Balki ce, kuma da yake Kawu ba ya iya rage murya a waya, duk abin da ta faɗa na ji. Tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanin miji, amma ranar babu wasa a bakinta.

"Bube, kana ina?"

"Jirgin ya tashi, amma na gobe..."

"Saurara. Yayanka ya bar cin abinci. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai ya ce Bube na? In ce a'a, nas ce. In ragi kake jira, yi zamanka, ni dai na daina yi masa ƙarya cewa kana hanya."

Ta kashe. Kawu ya riƙe wayar a kunne ya daɗe, ba kowa a ciki. Ya taɓa kafaɗar mai keke ya ce a juya cikin gari.

Yarinyar nan muka sake tararwa. Tana ganinsa ta ture gyaɗarta gefe ta gyara zama, ta shirya wa yaƙi. Ta duba allo ta ce jirgin gobe ya cika, sai kujeru biyu a gaba, wurin manya, kuma kowace ɗaya kuɗin maraƙi ce sukutum.

Kawu ya ce, "Yanka biyu. Da ni da yaron ga."

Ta tsaya da yatsu a kan kwamfuta tana jira. "Baba, ka ji kuɗin kuwa?"

"Na jiya, ɗiyata. Yanka."

Kada ku ɗauka ya shiryu gaba ɗaya. A cikin jirgi duk abin da aka kawo sai da ya cinye ya nemi ƙari, ya karɓe nawa ya zuba a aljihu, ya tambayi ma'aikaciyar jirgin ko ɗan matashin nan na jingina yana cikin kuɗin. Da muka sauka Abuja ya ƙi tashi daga kujera ko miƙe ƙafa, wai ya biya har Legas, ba mai cin minti guda a kansa.

Da rana tsaka muka shiga asibitin. Kawu Ladan ya rame har na kusa kasa gane shi. Hajiya Balki ta tura ƙofa, ya ɗaga kai da ƙyar.

"Bube na?"

"Ni na, Yaya."

Kawu Ladan ya kama hannunsa ya riƙe, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Da mi kaz zo?"

"Jirgi."

"Kai? Nawa sunka ce, nawa kat taya?"

Kawu Bube ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Ban taya ba."

Kawu Ladan ya dube shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har ta zama tari, Hajiya Balki na shafa masa baya. Da numfashi ya dawo ya ce, "Balki, likitocin ga ɓoye min su kai. Tunda Bube ya biya bai taya ba, lalle tahiya ta zo."

Duka muka yi dariya, har da nas ɗin da ba ta jin Hausa. Kawu Bube na dariya hawaye na sauka cikin gemunsa, bai share ba, don hannunsa na cikin na wansa kuma ya ƙi saki. Bai ƙara barin gefen gadon nan ba sai don salla. Da lokacin ya yi, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, shi ya rufe masa ido.

Yanzu ga shi shi ma ya bi bayansa. Ya Allah, ga Bube nan ya zo maka, ka san halinsa fiye da mu. Ka yi masa rangwame a hisabi, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa da na Ladan, ka sada su a Aljanna inda ba mai sake jiran wani a bakin ƙofa. Amin.