'Yar Gidanmu Ce

A Dubai ba a cire haraji a albashi, don haka da aurenmu ya mutu ba a kan takardar haraji muka yi rigimar 'yarmu ba, a kan alawus ɗin makaranta ne. Kamfanin tsohon mijina na Jebel Ali yana biya wa ɗan ma'aikaci, nawa ma haka, amma iyaye biyu ba sa karɓa a kan yaro ɗaya. Shi ya riga ni sa sunanta. Yarinya tana hannuna a Muhaisnah, ni ce ci ni ce sha, shi kuwa alawus na shiga aljihunsa yana canza turare. Da makaranta ta ce in ba a biya ba ta zauna a gida, sai na ji zuciyata ta bushe. Ba sulhu nake so ba, so nake ya ji a jikinsa.

Na kai ƙara kamfaninsu, aka sa mana rana. Na san mutumina sarai. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka bai taɓa kiran sunan ba, kuma a gaban manya ba ya iya buɗe baki ya ce tasa ce. A makon kuwa kawunsa ya zo sarin takalma a kasuwar Naif. Na je na durƙusa har ƙasa.

"Kawu, ka raka ni, ko Allah zai sa a daidaita."

"Yalla, 'yata, mu je," in ji shi.

Da muka shiga ofis, mutumin nawa ya ga kawu, sai da ya miƙe tsaye. Jami'ar ma'aikata, wata Ba'indiya mai gilashi, ta nuna masa hoton yarinyar, ta tambaye shi da Turanci ko 'yarsa ce, kuma yaya sunanta. Ya dubi kawu, ya dubi takalminsa. Mutumin da ke cika ɗaki da baki, ranar gumi yake cikin sanyin na'ura.

"'Yar gidanmu ce," ya ce can ƙasa-ƙasa.

Matar ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar nan. Ita ina ta san alkunya? Ta ce khalas, shi ke nan, tunda bai iya cewa tasa ba ce, za a dakatar da alawus a cire sunan, in kai wa nawa kamfanin. Da na ga dama, da na fassara mata al'adar da kalma biyu. Na gyara mayafina kawai, kuma wallahi na ji daɗi har cikin raina.

A bakin lif ɗin sauka ƙasa ya matso yana huci zai yi mini magana. Kawu ya riƙe hannun rigarsa.

"Sunanta ya fi ƙarfin bakinka," ya ce, "amma kuɗin karatunta ya wuce maƙogwaronka lafiya lau?"