Ɗan Lakar Hajo

A Gangara, da zarar hatsi ya shiga rumbu, maza sai su kama hanyar cirani, mata kuma su wuni wajen sussuka da jan ruwa. Ƙananan yaran gidanmu da na maƙwabta, waɗanda aka yaye da waɗanda ke dab da yaye, duk ɗakin kakata ake zube su. Ita ta haifi babanmu. Ni lokacin na wuce reno, amma ban cika nisa da ɗakinta ba, don can wuta take.

Aiki ɗaya take ba su duk watannin sanyi. Takan sa a ɗebo mata laka a bakin tafki kafin ya ƙafe, ta kwaɓa da ruwan ɗumi, ta ba kowane yaro dunƙule guda. Da la'asar sai su zauna bayan wani dogon kara da ta shimfiɗa tsakaninsu da murhu, kowa ya gina ɗan mutum. Ba abin kallo ba ne. Wani kansa ya fi cikinsa, wani ba shi da kai sam, wani kuma mai shi ya cinye masa ƙafa. Ba ta gyara wa kowa. In na miƙa hannu zan taimaka, sai in ji mafici a bayan hannuna.

"Janye, mijin banza. Ko goro ba ka taɓa saya mini ba, gini za ka koya wa mutane?"

Sai a jera ƴaƴan lakar gefen garwashi su ɗau zafi. Bayan magariba, in an suɗe tuwo, sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zauna, akwai wuta."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta Dogon Sanyi ce ta lokacin. Wani dogo ne makaho da ke tasowa daga arewa, tun da aka halicce shi bai taɓa jin ɗumi ba. Yakan bi gari yana laluben danga, in hannunsa ya faɗa kan wani abu ƙarami mai ɗumi, sai ya sa shi a hammata ya wuce. Gari ya yi ta rasa yara, har wata tsohuwa ta samo dabara. Ta sa kowane yaro ya gina ɗan laka da hannunsa, a ɗumama, a ajiye gindin danga. Dogo ya zo ya ɗauka, ya shinshina, ya ji warin hannun yaro, ya yarda. Kafin lakar ta huce ya yi nisa. Aka zauna lafiya, sai wata mata ta ji kunyar munin na ɗanta, ta gina masa mai kyau da kanta. Dogo ya shinshina ya ce, "Wannan hannun babba ne." Ya ajiye, ya tsallaka danga.

"Sai mi, Kaka?"

"Sai ku tashi ku kai naku, tun bai huce ba."

Haka yara za su fita a guje, hannu bibbiyu, su ajiye su dawo. Da safe ba a tarar da ko ɗaya.

Shekarar da ƙanwata Hajo ta fara tafiya, tari ya kama ta. Babanmu yana Kano. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka shafa man shanu a ƙirji, numfashinta sai ƙara sauri yake. Wani yammaci Inna ta zauna da ita a cinya cikin sauran yaran, aka sa mata laka a gaba, hannunta ya kasa damƙa. Kaka tana can tana tafasa magani. Inna ta yi ƴar dariya ta ce, "Kawo in yi miki, kar a bar ki baya." Nan take ta gina shi, sumul, har da wuya da kafaɗu. Ya fi na kowa kyau.

Washegari Inna ce ta fara fita. Na bi ta. Ƴaƴan lakar suna nan gindin danga a jere, dukkansu, sun yi sanyi ƙalau, ba wanda aka ɗauka. Ta tsaya tana kallonsu, buta a hannunta, har ruwan ya tsiyaye mata a ƙafa.

Ranar aka samu amalanke za a kai Hajo wurin likita a Gazawa. Ba su kai ba.

Bayan an share makoki na ji Kaka tana yi wa Inna magana a bayan rumbu.

"Rabi, ni ke kwashe su da asuba. Jiƙawa nike in sake ba su, lakar ba ta da yawa. Ran nan ina riƙe da yarinya, ban fita ba. Ni ce Dogon, babu wani."

"Na sani, Iya."

Ta sani mana. Duk babban da ke gidan ya sani. Amma daga ranar Inna ba ta ƙara taɓa laka ba, ko yaɓen murhu sai dai ta roƙi maƙwabciya. Kaka ta ci gaba da ba yara dunƙulensu har ƙarfinta ya ƙare, sai dai Dogon Sanyi bai sake fitowa daga bakinta ba.

Na yi yawo bayan haka. Na ga ƴaƴan Fulani wajen Cadawa suna kafa wa shanun laka ƙahon ƙaya. Na ga ƴaƴan Buzaye a Agadas suna jera duwatsu su kira su raƙuma. A Faransa na raka jikata gidan reno, na tarar da su suna manna auduga a takarda, wai mutumin ƙanƙara, mai renon ta harɗe hannu a baya don kar ta gyara wa kowa. Ko'ina sanyi ya kama, manya sukan zaunar da ƙanana su ba hannunsu abin yi. Na gane abin da Kaka ke nema: yaro ya yi nesa da wuta, ya kuma yi abinsa da kansa. Tsoron da ta ɗora a kai don yara ta yi shi. Ba ta yi zaton babba zai kama ba.

Na san sunan ciwon da ya kashe Hajo da Faransanci da Larabci, na kuma san allurar da ke maganinsa. Na sha faɗa wa Inna, takan ce Allah ya riga ya rubuta. Sai a ciwonta na ƙarshe, ina zaune bakin gadonta, ta kira ni yadda ta saba, don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan. Kana wurin ran nan. Ko yatsa ba ta sa ba?"

Na ce, "Ta sa, Inna. Kafin ki ɗauka ta dangwali lakar da yatsa. Na gani."

Ta daɗe tana dubana, sannan ta juya fuska bango ta yi barci.

Yanzu in na rufe ido ina ganin ɗan ramin yatsan a jikin lakar, ƙarara. Ban sani ba ko tun ran nan yake wurin, ko kuwa a bakin gadon Inna na gina shi.