An Yi Azahar Kuwa?

Jama'a, abin da zan ba ku ba a majalisar shayi na tsinto shi ba, ni ya faru da ni, wallahi tallahi da idona na gani, kuma da tsakar rana, ba barci nake ba, ban sha komai ba.

A shekarar da garuruwan arewacin jiharmu suka watse, mutane suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa da kaya a ka, ni ina sajan a sashen binciken manyan laifuka a Jimeta. Wanda ya zauna garin a lokacin ya san yadda ake, shingen bincike a kowace kwana, maharba da bindigogin toka suna sintiri, ko tayar keke ce ta fashe sai ka ga kasuwa ta watse. To a cikin wannan halin aka kashe Jalo Mai Murya.

Yaran yanzu ba za su san shi ba. Mawaƙi ne da yake rera waƙa da Hausa da Fulatanci, ba keke-napep ɗin da za ka hau ba ka ji muryarsa ba, kuma bikin Musulmi da na Kirista duk shi ake nema. Ranar wata Juma'a da hantsi wani manomin shinkafa ya tsinci gawarsa a bakin tafkin Njuwa, a kife cikin laka, ba hula, ba waya. Kafin a sauko daga masallaci gari ya ɗauka.

Ranar aka kama direbansa, Bitrus, mutumin Michika ne da ya gudo da matarsa da 'ya'ya, Jalo ya tausaya masa ya ba shi tuƙi. Bitrus ya ce ranar Alhamis da safe ya sauke ogansa a bakin wani lungu a unguwar Wuro Hausa da ke cikin Yola, mota ba ta shiga, ogan ya ce ya tafi sai ya neme shi. Daga nan har azahar yana sansanin 'yan gudun hijira a layin rabon abinci, mutane da yawa sun gan shi. Amma daga azahar zuwa magariba shi kaɗai yake yawo tasha-tasha yana cigiyar ƙaninsa da ya ɓace, ba mai shaidarsa. Kun ga inda maganar take, in da safe Jalo ya mutu Bitrus ba shi da hannu, in da yamma ne kuwa ya shiga uku. Kuma ku tuna direba Kirista, mamaci tauraro Musulmi, gari a ɗane, samari sun fara taruwa a ƙofar ofis suna cewa a miƙo musu shi.

Aka ba mu aikin ni da shugabata, Sufeto Rifkatu, wata mata 'yar Numan mai taurin kai irin wanda nake so. Muka je wajen likitan da ya duba gawar, Dakta Yohanna. Ya ce mana abu uku. Ƙosai da kunun gyaɗan da ke cikin Jalo ko narkewa ba su gama yi ba, matarsa kuwa ta ce da fitowar rana ya karya, wato bai kai azahar da rai ba. Sannan babu ruwa a huhunsa, dukan da ke ƙeyarsa ne ya kashe shi. Kuma jini ya kwanta masa a gadon baya alhali a kife aka same shi, ke nan ya daɗe a rigingine a wani wuri kafin a kai shi Njuwa. Ya ɗauko madubin ƙara girma ya nuna mana wasu jajayen zaruruwa a bayan shuɗin kaftaninsa, ya ce da alama na kafet ne. Ni da hannuna na ninke kaftanin nan na sa a leda na liƙe.

Na fito ina murna na ce Madam, Bitrus ya fita. Ta ce, “Sajan, kada ka yi sauri, akwai mutanen da suka gan shi da la'asar.”

Ashe kuwa haka ne. Ta farko Mama Chinedu ce, mai sayar da yadi a babbar kasuwar Jimeta, wadda Jalo ya yi shekaru yana sayen shadda a wajenta. Na ce Mama ko dai ranar Laraba ce kika rikice? Ta buga tebur ta ce, “Oga Sajan, ni ba yaro ba ne, Alhamis ne, an gama kiran sallan la'asar ya zo ya tsaya a nan. Na ce kwastoma, yaya yau babu hula? Ya riƙe wuyanshi ta baya, ya ce mini, Mama, an yi azahar kuwa? Na ce wane azahar, Oga Jalo, rana ya tafi! Na juya in kawo mishi kujera, na duba ba shi.” Ta ce in an kawo Baibul za ta dafa.

Na biyu wani maharbi ne da ke tsaron shinge a hanyar Jimeta zuwa cikin Yola. Ya ce ya idar da la'asar ke nan a gefen titi, ya ga Jalo yana tahowa a ƙasa, abin ya ba shi mamaki, mutum mai mota yana taka sayyada a wannan zafin. Ya yi masa kirari, shi kuwa ya tsaya, hannu a ƙeya, ya ce, “Bappa, an yi azahar kuwa?” Maharbin ya ce ya ɗauka barkwanci ne irin nasa, ya yi dariya, Jalo ya wuce ya nufi Yola.

A nan na fara jin wani iri. Mutanen nan ba su san juna ba, ban kuma gaya wa ɗaya abin da ɗaya ya faɗa ba, sannan maganar dukan ƙeya daga mu sai likita. Kuma tsakanin kasuwa da shingen nan tafiya ce mai nisa, amma dukansu bayan kiran la'asar suke cewa.

Ogan ofishinmu ya kira mu ya ce shaidu biyu masu rai sun fi ƙosan da ke cikin gawa, a rubuta cewa da yamma aka kashe shi a kai Bitrus kotu gari ya lafa. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma wuta ake hura masa daga sama. Sufeto Rifkatu ta ce, “Yallaɓai, a ba mu zuwa Juma'a.” Da muka fito na biya ta wajen Bitrus a inda ake tsare da shi, ya kama ƙarfen ƙofa ya ce, “Sajan, na gudo daga masu yanka mutane, yanzu a nan za a kashe ni a kan mutumin da ya ciyar da 'ya'yana?” Wallahi a nan na yi wa kaina rantsuwa cewa ko kakina za a tuɓe sai na gano inda Jalo ya kwanta a rigingine.

Na koma wajen Dakta har sau biyu ina roƙonsa ya sake dubawa ko ya yi kuskure. Ya ce, “Sajan, ni abin da jiki ya nuna nake faɗa, kai kuma ka je ka ji da masu rai.” Sai na ce wa Madam, to mu daina neman wanda ya yi ƙarya tsakanin likita da shaidu, mu ɗauka kowa gaskiya ya faɗa, mu bi hanyar da aka ga ya bi. Daga kasuwa ya nufi shinge, daga shinge ya nufi Yola, Bitrus kuma ya ce Wuro Hausa ya sauke shi. Duk wuri ɗaya suke nunawa.

Ranar Alhamis, mako guda da abin, muka sa kayan gida muka tashi daga shagon Mama Chinedu, wani wuri a keke wani wuri a ƙasa, muna tambayar masu shago da masu faci ko wani ya gan shi, har muka kai bakin lungun da Bitrus ya kwatanta. Lungu ne mai rassa, gidaje sun fi a ƙirga, kuma an riga an bi shi an yi tambaya ba wanda ya ce ya ga komai. Sai ga wata tsohuwa tana tsince gyaɗa a zaure, wadda ba wanda ya kula ya tambaye ta. Madam ta durƙusa ta gaishe ta da Fulatanci, ta ce Dada, kin san Jalo mai waƙa? Ta ce ta san shi tun yana yawo ba wando, ai Alhamis ɗin da ta wuce ma ya wuce ta nan da la'asar, ya tambaye ta ko an yi azahar, ta ce masa kai Jalo Allah ya shirye ka.

Madam ta zauna tana ƙara yi mata tambayoyi, ni kuma na ɗan taka gaba in ga inda lungun ya ɓulle. Ana cikin kiran la'asar a masallacin unguwa, rana tana nan fayau, awaki suna ta yawonsu. Na sha wata kwana ke nan sai warin laka ya buge ni, irin lakar bakin tafki mai ɗoyin ruɓaɓɓiyar ciyawa, alhali wurin a bushe yake ƙamas. Na ɗaga kai, sai ga mutum tsaye a ƙofar wani gida mai koren ƙyaure, ya ba ni baya, ba hula, hannunsa na dama a ƙeya. Jama'a, shuɗin kaftanin nan ne a jikinsa, wanda na ninke na liƙe a leda, har yagewar da ke gefen aljihu ina gani.

Innalillahi! Na tsaya ina kallonsa. Bai juyo duka ba, gefen fuskarsa kawai na gani, ya ce da muryar nan da duk Adamawa ta sani, a hankali kamar mai jin kunya, “Sajan, an yi azahar kuwa?”

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ji bakina yana cewa, “Ba a yi ba, Jalo. Na san ba ka kai ba.” Sai ya sauke hannunsa daga ƙeya. Wata akuya ta banko tsakanin ƙafafuna na kalli ƙasa, da na ɗago babu kowa, ƙyauren kuwa da ƙaton kwaɗo a rufe ta waje.

Madam ta iso ta same ni jingine da bango gumi ya jiƙa ni sharkaf. Ta ce lafiya? Na ce wannan gidan za mu buɗe. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta koma ta tambayi tsohuwar nan ko gidan wane ne, ta ce ai na kakar Hamidu ne da ta rasu, Hamidu mai kaɗa wa Jalo fiyano, amininsa tun suna yara, wanda ya fi kowa kuka ranar jana'iza.

Washegari muka dawo da takardar izini daga kotu da mai unguwa. Ɗaki ɗaya a ciki an manna masa kwalayen ƙwai a bango, ashe Hamidu wurin ɗaukar waƙa yake haɗawa a ɓoye. Jan kafet ne a ƙasa, an yanke kusan rabinsa da reza, an wanke simintin har yana ƙamshin sabulu. Na kwanta rub da ciki ina haska tocila a gindin dakalin ƙofa, sai ga jini ya bushe a cikin tsagar siminti inda tsumma bai kai ba. Hular Jalo kuma tana bayan wata babbar lasifika. Aka ɗebi jinin da zaren kafet aka aika gwaji, sakamako ya dawo duk sun dace.

Hamidu bai wahalar da mu ba. Ya ce da hantsi Jalo ya zo, shi Hamidu ya gaya masa zai ware ya kafa nasa, magana ta yi zafi, Jalo ya ce masa ba don ni ba wa ya san ka, shi kuma ya hankaɗe shi, ƙeyarsa ta daki dakali. Ya rufe shi a ɗakin ya fita ya shiga mutane, daga baya ya naɗe shi a kafet ya kai Njuwa a motar ɗaukar kayan kiɗa. Aka saki Bitrus, na raka shi har sansani da kaina, matarsa ta faɗi ƙasa tana birgima tana kiran sunan Yesu.

A kotu lauyan Hamidu ya kawo Mama Chinedu da maharbin don ya rushe lissafin likita, suka rantse suka maimaita abin da suka gaya mana, ko kalma ba su canza ba. Alƙali ya ce mai yiwuwa sun rikita rana ne, ya tsaya a kan shaidar likita da jini da bakin mai laifi, ya yanke masa hukunci. Mama Chinedu ta fito tana faɗa, wai ita za a ce ba ta san Alhamis ba. Na bi ta na ce Mama, ni na yarda da ke.

Yanzu na yi ritaya, Madam ma haka, tana Numan tana kiwon kifi. Bara na je yi mata gaisuwar rasuwar mijinta, muna zaune a ƙarƙashin mangwaro na ga shekaru sun ja, sai na ba ta labarin abin da na gani a ƙofar nan. Sai ta ce, “Sajan, ni ban gan shi a ƙofa ba. Amma tun da muka bar kasuwa, duk inda muka sauka muka taka da ƙafa, in na kalli ƙasa inuwa uku nake gani, tawa da taka da wata a gefenka. Shi ya sa da ka ce a buɗe gidan ban tambaye ka komai ba.”

Haka na hau mota na dawo Jimeta. Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne ya ɗauki kamarsa, wani ya ce in bar wa Allah saninsa, ni dai ban sani ba, kuma ba zan ce muku na sani ba.

Abin da zan roƙe ku shi ne, in aka kashe wani sananne kuka ga an kama mutum, don Allah ku riƙe bakinku da hannunku har a gama bincike, da an biye wa samarin ƙofar ofishinmu da yanzu 'ya'yan Bitrus marayu ne. In kuma wani ya zo muku da maganar da hankali bai ɗauka ba, kada ku yi saurin ce masa maƙaryaci. Ku yi wa mamatanku addu'a, musamman waɗanda aka raba da duniya ba shiri. Allah ya jiƙan Jalo, ya sa mu cika da kyau da imani.